Habu da Lif Mai Makulli

Shafi na 17

Da sunan Allah. Masu aiko mini da "Baba ci gaba, Baba ci gaba" tun kafin in karya kumallo, na gani. Ni ba inji ba ne, da yatsa ɗaya nake rubutun nan. Yarinyar da ta ce in rage wa Habu wahala kuwa, ba ni na ɗora masa ba, shi ya ɗora wa kansa. Ku gyara zama.

Saboda waɗanda suka shigo jiya: Habu shi ne ɗalibin nan da karatu ya miƙe masa a Alƙahira har furfura ta fara leƙo masa, ya koma koyon dillancin gidaje wurin Baba Abakar, tsohon simsar, wato dillali, Bahaushen Sudan mai ofis da lasisi a unguwar Abbasiya. Baba Abakar ya ba shi makullin ofis na gwaji, ya ce masa:

"Hayar nan ta farko da ka ƙulla kai kaɗai, in ta tafi babu ƙorafi, makulli ya zama naka, kujera taka, ka yi aiki ƙarƙashin lasisina. In aka samu ƙorafi, ka ajiye mini kayana ka koma ɗakinka na Darrasa."

Hayar kuwa ita ce shaƙƙar hawa na tara, wato sashen gida a cikin bene, da ya sama wa Alhaji Harun, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, wanda ya zo a yi masa aikin gwiwa.

To, ranar da aka sallami Alhaji daga asibiti, bayan azahar, tasi ta ajiye su a ƙofar benen. Alhaji mutum ne mai jiki, Allah ya yi masa albarkar tsoka. Da ya fito, sai da motar ta ɗaga. Ɗansa ya tsaya asibiti karɓar magani, don haka Habu ne kaɗai ke riƙe da shi.

A gindin benen akwai shagon wani mai guga. Habu ya yi masa sallama. Mutumin ya juya fuska bango kamar kullum, ya duƙufa kan wata riga. Habu ya ce a ransa, wannan bai samu tarbiyya ba.

Suka shiga zaure. Habu ya jawo kujerar bawwab, wato mai gadin benen, ya ajiye gaban lif, na'urar hawa bene.

"Alhaji, ka ɗan zauna. Maƙwabci bai zo ba tukuna."

"Ai na sani," in ji Alhaji, yana sauke jiki a hankali. "Al'adar nan tasu tana burge ni, Habu. In na koma gida sai na ba mutane labari."

"Ƙwarai, Alhaji."

Suka zauna. Gwiwa na zugi, zufa na zuba.

Can sai ga wani Bamisire da jakar ofis. Habu ya miƙe da fara'a har kunne. Mutumin ya dube shi, ya dubi Alhaji, ya faɗa lif da sauri ya ja ƙofa, ya bar su da ƙamshin turarensa.

Bayansa wata mata ta zo da 'ya'yanta. Ita ko gaisuwar ba ta amsa ba, ta tura yara ciki kamar an ce ga ɓarawo.

Alhaji ya ce, "Yau maƙwabtan ba su da walwala."

"Zafi ne, Alhaji. Ga wutar nan da ake ta ɗaukewa, kowa a ƙule yake. In kawo maka shayi?"

"Na sha uku. In ka ƙara mini, wata matsalar za ta taso, kuma ita ma maganinta yana sama."

Ana cikin haka aka yi sallama a bakin zaure. Habu ya ji muryar, ya miƙe zumbur.

Baba Abakar ne, da farar jallabiya da rawaninsa, riƙe da ledar mangwaro, ya zo duba marar lafiya.

"Alhaji, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne. Amma me ya zaunar da kai a zaure da sabuwar gwiwa?"

"Maƙwabci muke jira, Malam Abakar."

"Maƙwabci? Ya yi maka me?"

"Mu hau tare mana. Ai ka fi ni sanin al'adar garin. Ba a hawa lif a Masar sai da maƙwabci, saboda zumunci."

Baba Abakar ya ajiye ledar mangwaro a ƙasa, a hankali.

"Wa ya gaya maka?"

"Yaronka. Yaro mai ladabi, wallahi. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa hawa ko sauka ba sai yana tare da ni. Ko asuba zan fita sai na same shi a ƙofa."

"Haka ne, Habu?"

"Girmama baƙo ne, Baba."

"Ni na shigo garin nan gemuna baƙi, ga shi yau ya yi fari, ban taɓa cin karo da wannan zumuncin ba."

"Sabuwar al'ada ce, Baba. Bayan juyin juya hali ta fito."

Alhaji ya ƙara da cewa, "Aibin lif ɗin ɗaya dai, ba ya tsayawa a tara. Sai mu wuce zuwa goma, mu sauko da ƙafa. Da can ina iyawa. Yau kam ban san yadda za a yi ba."

Baba Abakar ya juya ya bar su. Ya taka zuwa ƙofar lif, ya buɗe, ya sa tabarau, ya sunkuya. Ƙarƙashin maɓallan hawa ga wata 'yar huda ta makulli tana kallonsa.

Ya miƙe. Ya cire tabarau. Ya ninke shi, ya sa aljihu.

Ku da ba ku san garin ba, ku saurara. A benaye da yawa na Alƙahira, in lif ya mutu, mazauna gidan ne ke haɗa hannu su gyara ko su sa sabo. Sai a yi masa makulli. Wanda ya sa hannu a ba shi, wanda ya ƙi ya hau da ƙafar da Allah ya ba shi. Yaron goye ma ya san wannan a Abbasiya.

"Habu, ina makullin lif na hawa na tara?"

Habu ya hau gyara jakar asibiti.

"Da kai nake."

"Baba... bai zo da shaƙƙar ba."

"Ka sani kafin Alhaji ya sa hannu, ko bayan ya sa?"

"Kusa da juna ne, Baba."

"Kafin, ko bayan?"

"Kafin."

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Wai makullin me ake magana?"

Baba Abakar ya ɗaga masa hannu. "Alhaji, yi mini haƙuri kaɗan, zai gaya maka da bakinsa. Habu, ran da ka fara zama a ofishina, me na ce maka game da gida?"

"Ka ce gida ba bango huɗu ba ne."

"Sai me?"

"Ka ce hanyar shiga, da ruwa, da wuta, da lif, da rufin sama, duk haƙƙoƙi ne masu bin gida. Simsar ya bincika wanne ke bi, wanne ba ya bi."

"Wanda ba ya bi fa?"

"A faɗa wa mai haya tun kafin a yi maganar farashi."

"Ashe kunnenka lafiya yake. Na ɗauka ko ranar ba ka zo da shi ba."

"Amma Baba, ka duba shaƙƙar. Ba ta da aibi ko ɗaya. Ga iska, ga haske, ga asibiti nan kusa. Lif ai a waje yake."

"To. In na ba ka hayar ɗaki a tsakiyar kogin Nilu, ga iska, ga haske, ban gaya maka babu kwale-kwale ba, na cuce ka ko ban cuce ka ba?"

"Ya danganta, Baba, ko mutum ya iya iyo."

"Dubi gwiwar nan ka sake faɗa."

Habu ya dubi gwiwa. An naɗe ta da bandeji ta yi kamar ƙaramin buhun gero. Bai sake faɗa ba.

"Juya ka gaya masa. Simsar amana biyu yake riƙe da ita, ta mai gida da ta mai haya. Kai ka riƙe ɗaya ka zauna kan ɗaya. Yalla."

Habu ya durƙusa gaban kujerar.

"Alhaji, babu wata al'ada. Lif ɗin da makulli yake tashi, shaƙƙarka kuma ba ta da shi. Ni nake tsare ƙofa, in mai makulli ya zo mu bi shi. Goma da muke wucewa, don kada a gane daga tara muke."

Alhaji ya kori ƙudan da ya sauka a bandejinsa.

"Wato duk gaisuwar da nake yi wa mutanen nan a ciki, ina dafa ƙirji ina cewa shukran ya jar, na gode maƙwabci, ashe satar hawa nake yi?"

"Ba sata ba ce sosai, Alhaji."

"Ni Harun, da in na shiga Dawanau ake tashi a ba ni benci, ka mayar da ni mai maƙalewa bayan mota. Har dabino na raba musu."

"Sun ji daɗin dabinon, Alhaji."

"Rufe mini baki. Me ya sa ka yi haka?"

"Ita kaɗai na samu kusa da asibiti. Na ji tsoron in na faɗa ka ƙi, in rasa cinikin farko, in rasa kujera."

Baba Abakar ya ce, "Alhaji, ga abin da doka da sana'a suka ba ka. An ɓoye maka aibi, ka gano shi. Zaɓi naka ne. In ka so ka warware hayar yanzu, ofishina ya nemo maka wani gida a kan wuyanmu. In ka so ka zauna. Amma ka sani, in ka warware, ƙorafi ya tabbata, shi kuma ya san abin da ke tsakaninmu."

Habu ya dafe aljihun da makullin ofis yake ciki.

Kafin Alhaji ya buɗe baki, sai ga wata dattijuwa ta shigo, lulluɓe da mayafin tob mai ruwan ƙwai, kwandon cefane a hannu. A gefen mayafin an ƙulle wani ɗan makulli yana lilo. Hajja Mahasin ke nan, 'yar Hausawan Sudan, mazauniyar hawa na takwas, ita ce shugabar mazauna benen. Ko bawwab in ya ji takunta sai ya gyara hula.

Ta tsaya ta ƙare wa Habu kallo.

"A'a, ga mai ɗaukar kwando. Yau ba za ka karɓa ba?"

"Sannu da dawowa, Hajja."

"Abakar, wannan naka ne?"

"Nawa ne, Hajja, har zuwa yanzu dai."

"To ka yi kiwo. Sau nawa yana tare ni a nan, Hajja kawo kwando, Hajja kin gaji, Hajja wannan bawan Allah surukin likitan hawa na goma ne. Ni kuma na buɗe musu. Sai nake kwance a ɗakina in ji ana tafiya a kaina kamar ana daka, a gidan da ya daɗe a rufe. Na hau na tambayi likita, ya ce shi ko aure bai yi ba."

Alhaji ya ce, "Suruki kuma? Wace 'yar tawa ka ba shi, Habu?"

"Ban ambaci suna ba, Alhaji."

"Na bi gida gida na ce duk wanda ya sake ɗaukar mutanen tara, na karɓe makullinsa," in ji Hajja. "Ran da tsohon lif ya mutu, ni na hau benen nan da ƙafata ina ƙwanƙwasa ƙofofi. Kowa ya kawo nasa, har gwauruwar hawa na biyu da ba ta ma buƙatarsa. Mutumin tara ya rufe mini ƙofa a fuska, ya ce shi yana da ƙafa. Na ce khalas, shi ke nan, ƙafar ta kai shi, shi da duk wanda ya shiga gidansa."

Aka kira sallar la'asar. Alhaji ya motsa a kujera, ya yamutsa fuska. Shayi uku ya fara neman hanya.

"Hajiya," ya ce, da muryar da yake sayen hatsi da ita in kasuwa ta yi tsada, "ni baƙonki ne. Ban rufe miki ƙofa ba, ban san an rufe ba. Da na san haka lamarin yake, da ƙofarki na fara zuwa da gaisuwa. Ga gwiwa, ga alwala, ga tsufa. Ki duba."

Hajja ta dubi bandejin. Ta ja tsaki, amma ƙarami.

"Marar lafiya ba ni da faɗa da shi. Ni zan kai ka da hannuna, ni zan sauko da kai, duk ran da za ka asibiti ka aiko. Makulli dai ba ya barin mayafina. Wannan kuwa," ta nuna Habu da haɓa, "ƙafa."

"Na yarda, Hajja," in ji Habu da sauri.

"Ba a tambaye ka ba."

Baba Abakar ya ce, "Saura kai, Alhaji. Ka warware, ko ka zauna?"

Alhaji ya daɗe yana kallon Habu.

"Gwiwar nan ba za ta iya yawon neman gida ba. Zan zauna, ba zan yi ƙorafi ba. Amma da sharaɗi. Duk aiken da zan yi har in bar garin nan, shi zai yi. Burodi, magani, ruwa, katin waya."

"Wannan mai sauƙi ne, Alhaji."

"Ni kuma mutum ne mai mantuwa. Ɗaya bayan ɗaya nake tunawa. Sai ka kawo burodi nake tuna man shafawa."

Habu ya ɗaga kai ya dubi matakalar tana murɗewa sama har ta ɓace a duhu.

"Allah ya ƙara lafiya, Alhaji."

"Tamam," in ji Baba Abakar. "Mai haƙƙi ya yafe, ba ni da ta cewa. Makulli ya ƙara kwana a aljihunka. Amma kujerar da ƙafa ɗaya take tsaye, ka sani."

Aka kama Alhaji aka shigar da shi lif. Hajja ta kwance makullinta ta zura. Baba Abakar ya ɗauki mangwaronsa ya shiga. Aka bar Habu a waje da jakar asibiti da kwandon cefane, wanda Hajja ta ce tun da ya saba, ya taho da shi.

Da yaron nan ya yi shiru a nan, da shafin yau ya ƙare lafiya. Amma akwai mutanen da in suka tsira sai bakinsu ya fara ƙaiƙayi.

"Hajja, kada ki damu, ni zan gyara komai," ya ce, yana murmushi. "Yau ɗin nan zan kira mai gidan ya kawo rabonsa na lif, a ba Alhaji makullinsa. Mutumin kirki ne, ba ki fahimce shi ba ne. Mun zauna da shi a shagon gahawa mun sha shayi, shi ya sa hannu a takardar haya da kansa."

Ƙofa ta fara rufewa. Hajja ta sa ƙafa ta tare ta.

"Wane mai gidan?"

"Mai hawa na tara."

"Mai hawa na tara mun yi jana'izarsa tun kafin azumin bara. 'Ya'yansa duka suna ƙasashen Larabawa wurin aiki, ko gadon ba su raba ba."

Habu ya yi dariya shi kaɗai, ba wanda ya taya shi.

Baba Abakar ya fito daga lif, ya sake ajiye mangwaro a ƙasa.

"Habu. Abu na farko da simsar ke tambaya, kafin iska, kafin haske, kafin lif, mene ne?"

"Wa ke da ikon ba da gidan."

"Ka ga takardar mallaka?"

"Ya ce tana wurin lauya."

"Wakalci daga magada?"

"Ban san akwai magada ba, Baba."

"Katin shaidarsa?"

"Ya ce ya mance shi a ɗayan kwat ɗin. Amma Baba, makullin shaƙƙar na hannunsa, kuma in ka gan shi ba ka tambaya. Mutum ne mai tsafta, ko ƙuda ba zai zauna a karin wandonsa ba. Ƙamshin sitaci kawai yake. Ga gashin baki, ga haƙorin zinariya, ga wani tabon ƙuna a bayan hannu. Kwat ɗin ma..."

"Kwat ɗin me?" in ji Hajja.

"Ruwan toka, mai maɓallan zinariya. Hannun ya ɗan yi masa tsawo, shi ke nan."

"Aljihun hagu an yi masa ɗinki da baƙin zare?"

"Hajja ta san shi ke nan."

"Kwat ɗin na sani. Na mijina ne, ni na ɗinke aljihun. Na kai shi guga a watan nan, aka yi ta ce mini bai bushe ba." Ta juya ga Baba Abakar. "Yaran nan da za su tafi, wurin mai guga suka bar makulli, ya riƙa buɗe tagogi gidan ya sha iska."



Daga waje aka ji ƙarar ƙofar ƙarfe ta shagon mai guga ana jawo ta ƙasa da ƙarfi, sai ƙarar kwaɗo, sai takun silifa yana nisa.

Alhaji ya leƙo daga cikin lif, yana riƙe da ƙarfen jingina.

"Malam Abakar, a gidan wa nake kwana?"

Baba Abakar ya juya. Ya miƙa wa Habu hannu, tafi a buɗe.

"Makullin ofis."